KYAUTA GA MAI SON WUSKI: ME YA KAMATA MAI BI YA YI?



Sa'anda mutum ya soma bin Yesu, ba a cikin majami'a kaɗai sabuwar hanya takan gwada shi ba. Takan tare shi a kasuwa, da wurin aiki, har ma ran da ya sa kuɗi cikin aljihu ya fita neman abin da za ya ba wanda ya yi masa alheri. Wannan ɗan littafi a kan magana ɗaya ne. Idan wanda kake girmamawa mai son wuski ne, ya kamata ka saya masa kwalba ka ba shi kyauta?

Bari mu yi misali. A ce wani saurayi mai bi ya tafi neman ilimi a birnin Gilasgo, cikin ƙasar Sikotland. Wani dattijo cikin malamansa ya riƙe shi kamar ɗa. Ya ba shi riga mai kauri da hunturu ya shigo, ya kai shi asibiti da ciwo ya kama shi, yakan kira shi cin abinci a gidansa. Yanzu karatu ya ƙare, lokacin komawa gida ya yi. Saurayin nan ya san yaba kyauta tukwici, ba ya so ya tafi hannu wofi. Abokan karatunsa suka ce masa, "Ai ba sai ka sha wuya ba. Kowa ya sani Malam mai son wuski ne, ya san iri-irinsa kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ka nemo masa kwalba mai shekara goma sha takwas, shi ke nan, ka gama." Ya shiga kanti, ya tsaya gaban kwalabe, sai zuciyarsa ta rabu biyu. Wata ta ce, wannan ne abin da za ya faranta masa rai. Wata kuwa ta ce, ko wannan ya dace da kai, kai da aka yi wa baftisma?

Kada mu ba shi amsa da gaggawa. Mu fara sanin abin da ke cikin kwalbar, kana mu ji abin da Maganar Allah ta koya.

ABIN DA KE CIKIN KWALBAR

Wuskin da masu sonsa suka fi ɗaukakawa shi ne wuskin tsiro, watau wanda aka yi da tsiron sha'ir kaɗai. Akan jiƙa sha'ir cikin ruwa kwana biyu ko uku, a bar shi ya tsira, kamar yadda masu burukutu ke yi da dawa. Sa'an nan a busar da shi bisa wuta, a niƙa, a dama da ruwan zafi, a zuba yisti ya yi tsami. Daga nan sai a dafa shi cikin manyan tukwane na jan ƙarfe, tururi ya tashi, a sanyaya tururin ya koma ruwa. Yawanci sau biyu akan yi haka. Abin da ya fito fari ne fes kamar ruwan rijiya, amma wuta ce a maƙogwaro. Sai a zuba shi cikin gangunan katakon oak a ajiye.

Bisa ga dokar da aka kafa a shekara ta 2009, ba za a kira shi wuskin Sikotland ba sai ya yi shekara 3 ko fiye cikin ganga a ƙasar, ƙarfinsa kuma kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Shekarun da aka rubuta a jikin kwalba shekarun mafi ƙanƙanta ne cikin abin da aka zuba a ciki, da zarar ya shiga kwalba kuwa ba ya ƙara tsufa. Kowace shekara kimanin kashi 2 cikin 100 yakan bi iska daga ganga, masu sana'ar suna kiran wannan rabon mala'iku.

Mai zaɓe domin kyauta yakan tambaya daga wane yanki ya fito. Na tsibirin Islay, wanda ake faɗinsa Aila, yawancinsa ƙamshin hayaƙi gare shi, gama akan busar da tsiron da wata baƙar ƙasa da ake haƙowa daga fadama, tana ci kamar gawayi. Na kwarin kogin Spey ya fi taushi da zaƙi. Akan tambaya kuma ko gangar ta taɓa riƙe giyar Sifen ko ta Amurka, domin wannan yakan sāke ɗanɗano da launi. Kuɗinsa ba shi da iyaka: a watan Nuwamba na 2023 aka sayar da kwalba ɗaya ta Macallan, wadda aka yi a 1926, a kan fam miliyan biyu da ɗoriya a birnin Landan.

Ba mu ɓoye maka cewa aikin nan akwai gwaninta da haƙuri a cikinsa ba, ba mu kuwa ce duk mai sonsa mashayi ne ba. Mai bi ba ya kare gaskiya da ƙarya. Amma akwai wani lissafi wanda mai kanti ba ya faɗa maka.

LISSAFIN DA BA A RUBUTA A KWALBA BA

A shekara ta 2016 manyan likitocin gwamnatin Birtaniya suka ba da shawara, namiji ko mace kada ya wuce ma'auni 14 na barasa cikin mako guda. Kwalbar wuski ta yau da kullum, mai mililita 700 da ƙarfin kashi 40, ma'auni 28 ke cikinta. Watau kwalba ɗaya ta cika iyakar mako biyu cif. Ko ta shekara uku ce, ko ta shekara talatin, barasar da ke ciki ɗaya ce, hanta kuwa ba ta san tsada ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta mutum wajen miliyan 2.6 waɗanda barasa ta zama sanadin mutuwarsu cikin shekara ta 2019 kaɗai. A Sikotland kanta, mutum 1,277 suka mutu a 2023 da cututtukan da barasa ce ta kawo su kai tsaye. Domin wannan masifa ne tun watan Mayu na 2018 dokar ƙasar ta hana a sayar da ma'auni ɗaya a ƙasa da kwabo 50 na Ingila, a 2024 kuma aka ɗaga shi zuwa 65.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Ya'yan ƙasar nan da kansu sun daɗe suna kuka da wannan abu. A 1829 John Dunlop na garin Greenock ya soma kafa jam'iyyun kamewa daga barasa. Mutanen garin Wick suka jefa ƙuri'a aka rufe gidajen giya, garin ya zauna haka tun daga 1922 har 1947. Ka tuna kuma da Mary Slessor, wadda aka haifa a Aberdeen a 1848. Ubanta mai ɗinkin takalma ne, shaye-shaye ya cinye sana'arsa, har ya zama dole yarinyar ta shiga aikin masaƙa a Dundee tana da shekara 11. Da ta iso Kalaba a 1876 domin aikin bishara, sai ta tarar da barasar fatake Turawa ta riga ta zuwa, ta kuwa yi gāba da cinikin nan har mutuwarta a 1915. Ta san abin da kwalba takan yi wa gida, gama ta gani da idonta tun tana ƙarama.

ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA KOYA

A nan ma sai mu faɗi gaskiya duka. Littafi bai ce kowane kurɓi zunubi ne ba. A bikin Kana Ubangijinmu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi (Yohanna 2). Manzo Bulus ya shawarci Timothawus ya riƙa shan kaɗan saboda ciwon cikinsa (1 Timothawus 5:23). Saboda haka masu bi na kirki sun sha bamban a kan wannan magana, an kuwa hana mu yi wa juna shari'a a kan ci da sha (Romawa 14:3-4). Sai dai ka lura, irin barasar da ake dafawa a tukunya domin a ƙara mata ƙarfi ba a san ta a zamanin manzanni ba. Ruwan inabi da kansa yakan tsaya wajen kashi 12 ko 14, mutanen dā ma sau da yawa sukan surka shi da ruwa. Wuski ya fi shi ƙarfi wajen sau uku.

A kan buguwa kuwa Littafi bai yi sassauci ba ko kaɗan. Nuhu, mutumin da ya tsira daga ruwan tufana, ruwan inabi ya kā da shi ya sha kunya a gaban 'ya'yansa (Farawa 9). Littafin Misalai ya kwatanta abin sha mai ƙyalli cikin ƙoƙo da maciji, farkonsa daɗi, ƙarshensa sara (Misalai 23:29-35). Bulus ya lissafta buguwa cikin ayyukan jiki waɗanda ke hana mutum gādon mulkin Allah (Galatiyawa 5:21). Annabi Habakkuk ya yi kaito ga wanda ya shayar da maƙwabcinsa domin ya bugu ya wulakanta (Habakkuk 2:15). Mun sani ba da wannan mugun nufi kake tunanin kyautarka ba, amma ayar ta nuna Allah yana duban hannun mai miƙawa, kamar yadda yake duban bakin mai sha.

Maganar da ta fi shafarka tana cikin Romawa 14:13-21 da 15:2. A can manzo ya koya mana gara mutum ya bar abin da yake da izinin yi, da ya zama dutsen tuntuɓe ga ɗan'uwansa, kuma faranta wa maƙwabci rai sai ya kasance irin wanda za ya amfane shi, ya gina shi. Ubangiji Yesu kuma ya tuna mana cewa uba na ƙwarai yakan zaɓi abin kirki ya ba ɗansa (Matta 7:9-11). Ashe kyautar mai bi ba a auna ta da tsada, ko da murnar da za ta kawo ran da aka buɗe ta. Ana auna ta da abin da za ta yi wa mutumin bayan ka juya baya ka tafi.

TAMBAYOYI UKU KAFIN KA CIRO KUƊI

Ta fari: ka san mutumin nan kamar yadda ka san kwalbar? Mai kanti za ya gaya maka shekarunta, da yankinta, da irin gangarta. Ba wanda za ya gaya maka ko likita ya riga ya gargaɗi dattijon a kan hantarsa ko hawan jininsa, ko yana shan maganin da ba ya jituwa da barasa, ko ɗan ƙoƙo ɗayan da yakan sha da dare ya zama uku tun da matarsa ta rasu. Da yawa cikin waɗanda barasa ta ɗaure, sunan masu gwanintar ɗanɗano suke ɓuya a bayansa, har su ma kansu ba su sani ba. Akwai kuma gidan da ɗa ko 'ya ke fama su rabu da ita, kwalba bisa tebur kuwa gwaji ce a gare su kowane dare. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kai kuwa baƙo ne, ba ka ga tsagar ba.

Ta biyu: wace shaida kyautar za ta bayar a kanka? Ka sani a garuruwanmu da yawa maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda addininsu ya hana giya, suna zaton zama Kirista izinin sha ne. Idan labari ya kai gida cewa da kuɗin karatu ka sayi barasa, me ƙanenka za ya koya, shi da yake bin sawunka? Me mai neman gaskiya za ya ce, shi da yake tsaye a bakin ƙofa yana duban zamanmu kafin ya shigo?

Ta uku: zuciyarka ta kwanta? Idan kana ɗaukar kwalbar kana waiwaye ko wani na ikilisiya ya gan ka, to, amsa ta riga ta zo. Manzo ya koya cewa abin da mutum ya aikata da shakka, ba da bangaskiya ba, zunubi ne a gare shi (Romawa 14:23). Balle idan kai kanka daga bautar giya Ubangiji ya fisshe ka. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu, wannan gudu kuwa hikima ce. Kada ka shiga kantin ma.

Domin waɗannan dalilai shawararmu gare ka ita ce, kada ka ba da wuski kyauta. Ba mu ɗora maka ita kamar doka ta goma sha ɗaya ba, ba mu kuma ba ka izini ka rena ɗan'uwan da ya ga daban ba. Amma hanya ce wadda ba mu taɓa ganin wanda ya bi ta ya yi da na sani ba.

TO, ME ZA A BA SHI?

Kada ƙin barasa ya zama mafakar rowa. Wanda ya riƙe ka kamar ɗa ya cancanci kyauta mai daraja, sai ka kashe kuɗin nan duka, ka ƙara da tunani.

Ka duba abin da mai son wuski yake so a cikinsa ban da maye. Yana son aikin hannu wanda aka yi da haƙuri, yana son abin da ke da asali da labari, wanda za a ce daga wuri kaza ya fito, wane ne ya yi shi. Irin wannan kuwa akwai shi a ƙasarka. Ka aika a kawo maka zane na rinin baba daga karofin Ƙofar Mata a Kano, ko jaka ko matashi na jar fata aikin dukawa, ko hula wadda mai ɗinki ya yi makonni a kanta da allura. Ka zauna ka ba shi labarin yadda ake yinta, za ka ga idonsa ya yi haske kamar yadda yakan yi sa'anda yake zancen ganguna. Idan mai yawon duwatsu ne, sanda mai kyau ko taswira. Idan mai karatu ne, littafi a kan tarihin ƙasarku. Ka haɗa da wasiƙa da hannunka, ka lissafta alheransa ɗaya ɗaya. Kwalba takan ƙare cikin wata, wasiƙa kuwa akan ajiye ta har tsufa. Bayan ka koma gida kada ka yanke zumunci, ka riƙa gaishe shi, ka riƙa yi masa addu'a da sunansa.

Idan ya tambaye ka cikin raha don me ba ka kawo abin da kowa ke kawowa ba, kada ka yi masa wa'azi a kan tebur nasa. Ka tuna da Daniyel a Babila, wanda ya ƙi ruwan inabin sarki, amma da ladabi ya roƙi shugaban fāda, har ya sami tagomashi a wurinsa (Daniyel 1). Ya isa ka ce, "Ranka ya daɗe, Malam, ni ba na sha, ban kuwa iya zaɓen abin da ban sani ba. Na kawo maka abin ƙasarmu wanda na sani, domin ka riƙa tunawa da ɗanka." Dattijon kirki ba za ya ji haushin wannan ba.

Idan abokai suka yi karo-karo domin kwalba, ka ce za ka ba da taka kyauta dabam, kada ka zarge su. Idan kuwa kai aka kawo wa kwalba, ka gode wa mai kawowa saboda kyakkyawan nufinsa, ka gaya masa a hankali ba ka sha, ka roƙe shi ya koma da ita. Kada ka karɓa ka miƙa wa wani, gama wannan ba ya raba ka da alhaki.

RUWAN RAI

Akwai abu ɗaya da ya rage, shi ne mafi girma. Ka san ma'anar sunan nan wuski? Daga harshen Gaelik na mutanen tuddan Sikotland ya fito, uisge beatha, watau ruwan rai. Rubutu mafi daɗewa da ya ambace shi a ƙasar yana cikin lissafin baitulmalin sarki na shekara ta 1494, inda aka ba wani mai zuhudu, John Cor, tsiron sha'ir domin ya yi shi. A zamanin nan magani suka ɗauke shi, shi ya sa suka raɗa masa babban suna. Fiye da shekara 500 ke nan ana shansa, bai taɓa ba kowa rai ba, waɗanda ya raba da nasu kuwa Allah kaɗai ya san yawansu.

Amma ruwan rai na gaskiya yana nan. A bakin rijiyar Yakubu Yesu ya gaya wa mace Basamariya cewa ruwan duniya ƙishinsa yakan dawo, wanda shi ke bayarwa kuwa yakan zama maɓuɓɓuga a cikin mutum har rai madawwami (Yohanna 4). Ba a ajiye shi shekara goma sha takwas cikin ganga kafin ya nuna, ba a kuma yin gwanjonsa a Landan. An riga an biya tamaninsa bisa gicciye, a ƙarshen Littafi kuma an kira duk mai jin ƙishi ya zo ya ɗiba kyauta (Ru'ya ta Yohanna 22:17).

Ya kai mai neman gaskiya, kai da ba ka riga ka ba da kanka ba, wannan kira naka ne yau. Kai kuma sabon mai bi, wannan ita ce kyautar da ta fi duk abin da za ka iya ɗaurewa cikin takarda. Mai yiwuwa ne dattijon ba za ya ji ta daga bakinka ran sallama ba. Amma idan ya ga saurayi mai godiya, mai kamewa, wanda ba ya shari'anta kowa, wata rana za ya so ya san rijiyar da kake sha.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai ne mai ba da kowace kyakkyawar baiwa. Mun gode maka domin waɗanda suka yi mana alheri a gida da baƙunci. Ka koya mana mu sāka musu da abin da za ya amfane su. Ka tsare hannunmu kada ya zama sanadin faɗuwar kowa. Ka ji tausayin waɗanda barasa ta ɗaure, da matansu da 'ya'yansu, ka kwance su. Ka shayar da mu da ruwan rai, domin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.